Neman Ruwan Ɗorawa Tsakanin Ja da Kore: Littafin Aikin Lezata

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Bismillah, yau na fara. Na share teburin da ke ɗakin zaure a gidanmu na Yalwa a Bauchi, na sa wa ƙofar sabon kwaɗo saboda yara, na ɗauko wannan littafi don rubuta duk abin da na yi.

Abin da nake so shi ne leza mai launin ruwan ɗorawa. Ja kowa ya san shi, ana sayar da 'yar ƙaramarsa haɗe da maƙalin makulli. Kore ma ba ya wuyar samu. Rawaya kuwa sai dai ka gani a hoto, don babu dayod (ɗan ƙwayar lantarkin da ke fitar da hasken leza) mai arha da ke fitar da shi kai tsaye. Waɗanda ake yi, masu nanomita 589 ko 593.5, sai an haɗa ɓoyayyun haske biyu a cikin lu'ulu'u kafin launin ya fito, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin aljihun malamin makaranta.

Wanda ya taso yana murɗa rediyo yana neman mita 19 ko mita 25 a gajeren zango ya riga ya san rabin zancen. Shi ma haske zango gare shi, sai dai nasa ƙanana ne ƙwarai, da nanomita ake auna su, kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Koren leza yana kan 532, jan da ke cikin na'urar DVD yana wajen 650 zuwa 660, rawaya na tsakaninsu, wajen 580. Idon ɗan Adam ba ya auna zango ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayoyin gane launi iri uku ne a cikinsa, ƙwaƙwalwa kuma tana duba wanne ya fi motsuwa ne kawai. Idan ja da kore suka shiga tare daidai gwargwado, suka motsa ƙwayoyin nan yadda rawaya na gaske ke motsa su, to rawaya za ka gani. A kan wannan na ɗora aikin gaba ɗaya.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na je wajen Baba mai gyaran talabijin a Wunti, wanda tun ina ɗalibi nake zama a bencinsa. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ajiye ƙarfen dalma ya dube ni.

"Malam, ja da kore? Ai ruwan ƙasa za ka samu. Je ka tambayi kowane mai fenti."

"Baba, na fenti daban. Fenti cinye haske yake yi, kowane launi ya ci rabonsa, sai abin da ya rage ya dawo ido. Shi haske ƙaruwa yake yi."

Bai gamsu ba. Sai na buɗe hoto mai launin rawaya a wayata, na tsoma yatsa a kofin ruwansa na ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashin. Ɗigon ya zama madubin ƙara girma. Baba ya gyara tabarau ya sunkuya har hularsa na taɓa hannuna, ya ga 'yan ɗigo-ɗigo ja da kore a jere, babu rawaya ko ɗaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ikon Allah. Shekara nawa ina buɗe talabijin, ban taɓa sa wa wannan ido ba." Ya tashi ya shiga bayan shago, ya fito mini da matattun na'urorin DVD na kwamfuta guda 3, irin masu rubutu a faifai, da gawar wani majigi da aka bar masa tun bara. Ya ƙi karɓar ko sisi, sai dai ya ce in abin ya yi in zo in nuna masa.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na warware na'urorin. A cikin 'yar keken da ke zirga-zirga ƙarƙashin faifai akwai dayod biyu: na DVD shi ne ja, na CD kuma yana kan 780, wanda ido ke gani kamar garwashin da ya kusa mutuwa alhali ƙarfinsa na nan. Wannan na biyun na fi jin tsoro, na ware shi a kwalba na rubuta a jiki.

Dayod ba a ba shi wuta kai tsaye daga batir, sai an auna masa abin da zai sha. Na haɗa masa da LM317, 'yar na'urar da ke ƙayyade wuta. Lissafin mai sauƙi ne: a raba bolt 1.25 da girman resisto, abin da ya fito shi ne wutar da za ta bi. Na sa mai om 10, na jera masa ƙaramin bolum shi ma mai om 10, ke nan ina iya murɗawa daga miliam 62 zuwa 125, ba zai wuce nan ba ko hannuna ya kuɓuce. Na fara gwadawa da dayod na gama-gari 1N4001 guda 4 da resisto mai om 1 a madadin na lezar, mita ta nuna abin da lissafi ya ce.

Asabar, 7 ga Disamba

Na kashe dayod na farko. Bayan gwaji na cire batir, amma ban sauke wutar da ta saura a kafasito ba. Ina jona ƙafar dayod ɗin sai ya yi walƙiya sau ɗaya, daga nan ya koma ja mai dishi-dishi kamar fitilar caja. Abin ya yi mini ciwo, don shi ne mafi kyau a cikin ukun. Daga yau kafasito a jikin ƙafafun dayod zan liƙa shi da dalma, kuma sai na gama ƙafafunsa da waya tukuna. Ga hunturu ya shigo, iska ta bushe, rigar sanyi na tartsatsi in ka cire ta cikin duhu. Wannan tartsatsin ma ya isa ya kashe dayod, saboda haka ba takalmi nake aiki, ina taɓa ƙarfen taga kafin in taɓa komai.

Na biyun ya tashi lafiya. Na matse shi cikin mazubin tagulla mai milimita 12 da gilashin tara haske a baki. Ƙasa da miliam 70 haske ne kawai mai ɓaci. Da na wuce nan sai ɗigon ya tsuke, ya yi ƙyalli mai tsaki-tsaki a bango, alamar ya zama leza.

Asabar, 21 ga Disamba

Saƙona ya iso tasha: koren leza da tabarau na kariya.

Shi koren nan ba dayod kore ba ne. A cikinsa dayod ne mai 808, yana hura wani lu'ulu'u mai sinadarin niyodimiyam, shi kuma ya fitar da 1064, sai lu'ulu'u na biyu da ake kira KTP ya raba zangon biyu ya zama 532. Ke nan kafin kore ya fito an bi ta haske biyu da ido ba ya gani sosai ko ba ya gani sam. Kamfanin kirki yana sa 'yar matata a baki ta tare su. Masu arha da yawa ba sa sawa. A 2010 masana a NIST, hukumar awo ta Amurka, sun nuna yadda mutum zai gane haka a gida da faifan CD da kyamarar kwamfuta, shi na bi.

Na ɓalle tsohuwar kyamarar kwamfutata na cire ɗan gilashin da ke bayan idonta, mai sheƙin ja-ja, wanda aikinsa hana infared, wato irin wannan haske da ido ba ya gani, shiga. Na haska koren a bayan faifan CD, hasken ya watsu a kan farar takarda. Da idona ɗigo kore kawai nake gani a jere. A allon kwamfuta kuwa ga wasu fararen ɗigo a tsakaninsu, a wurin da takarda take fara fes a idona. Jikina ya yi sanyi. Mai sayarwa ya rubuta miliwat 5, bai ce komai game da wannan ba. Ɗan gilashin da na cire daga kyamarar shi na liƙa a bakin koren, na sake gwadawa, fararen ɗigon suka ɓace. Duk da haka zan ci gaba da ɗaukarsa kamar akwai saura.

Zancen tabarau ya fi ba ni wahala. Wanda ke tare kore launinsa ruwan goro ne, ja na ratsa shi salin-alin. Wanda ke tare ja shuɗi ne, kore na ratsa shi. Aikina kuma duka biyun ne, don haka sai da na nemi mai tare zango biyu, mai lamba OD 4, wato yana rage hasken sau 10,000. Wani abokina ya ce in ari gilashin masu walda in huta. Ban yarda ba, ba don wannan aka yi shi ba, kuma duhunsa na sa ƙwayar ido ta ƙara buɗewa. Leza da ta wuce miliwat 5 ta shiga ajin da ake kira 3B, tana iya ƙona bayan ido kafin mutum ya ƙifta. Jan nawa zai kai wajen 30. Ido ba a sayen wani a kasuwar Wunti.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Majigin Baba ya biya. A cikinsa akwai madubai ƙanana masu raba launi, waɗanda ke tsaga farin hasken fitila gida uku. In ka riƙe ɗaya ka karkata shi sai launinsa ya riƙa sauyawa kamar fiffiken ƙwaro. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya har na samu wanda nake nema: in an tsayar da shi a karkace, digiri 45, kore na wucewa ta cikinsa kai tsaye, ja kuma in ya zo daga gefe sai ya karya kwana ya bi hanyar koren.

Na samo guntun alminiyom wajen masu haɗa tagogi, na huda, na ɗaure koren a kai. Shi ba zai motsa ba. Jan da madubin kowanne na zaunar da shi a kan 'yar faranti mai noti 3, da sifirin na biro a ƙarƙashin kowane noti, yadda in na ɗaure kaɗan zai karkata kaɗan. Madubin yana jefa wasu raunanan haske gefe, na bi su da takarda na gano inda kowanne ya nufa, na tare su da gwangwanin madara da na shafa wa baƙin fenti. Agogo da zobe na cire na sa a aljihu, duk wani abu mai ƙyalli na kwashe daga teburin.

Asabar, 11 ga Janairu

Kwana uku ina fama da saiti. In na haɗa ɗigon biyu a takarda kusa da madubi, sai in tarar a bangon ɗaki sun rabu da faɗin tafin hannu. In na haɗa su a bango, kusa sun rabu. Sai a daren jiya na gane kuskurena: ina neman gyara abu biyu da hannu ɗaya. Dole hasken biyu su haɗu a wuri ɗaya a fuskar madubi, sannan su fita ta fuska ɗaya. Notin jan su ne na gyaran kusa, notin madubi su ne na gyaran nesa. Kusa, nesa, kusa, nesa, kowane zagaye tazarar na raguwa. A zagaye na bakwai suka hau kan juna.

Duk wannan da tabarau a fuskata nake yi, kuma a cikinsa ɗigon biyu sun zama 'yan ƙananan tabo marasa launi. Wayata na jingina tana kallon takardar, ni ina kallon wayar. Ita kuma kyamara fari take nuna tsakiyar ɗigon don hasken ya fi ƙarfinta. Ke nan ga abin ya haɗu, amma ban ga launinsa ba. Na kashe na kwanta.

Lahadi, 12 ga Janairu

Bayan sallar isha'i, da yara suka yi barci, na kulle ƙofar gida. Na rufe na'urar da kwali, ƙofa ɗaya kawai na bar wa hasken. Na kafa farar takarda marar sheƙi a bangon tsakar gida, tazarar mita 12, ƙasa da tsayin gwiwa. Na tsaya a bayan na'urar, na kunna, sannan na ɗaga tabarau.

Kore ne, mai ɗan ruwan lemon tsami. Jan kamar babu shi. Haka lissafi ya ce dama: ido ya fi jin haske a wajen 555, koren 532 na kusa da nan, yana samun kusan kashi 88 cikin 100 na wannan ji, jan 650 kuwa kashi 11 kacal, na 660 ma kashi 6. Sai ƙarfin ja ya ninka na kore wajen sau 4 zuwa 7 kafin haɗinsu ya zama rawaya. Na fara murɗa bolum a hankali. Lemon tsami ya nuna, ya koma launin ayaba, sai a wajen miliam 100 ya tsaya cak a kan ruwan ɗorawa, irin garin da muke lasa muna yara har ya ɓata mana baki. Na ƙara kaɗan ya tafi ruwan goro, na dawo da shi.

Na kira uwargida. Ta fito da mayafi tana rawar sanyi, na tsayar da ita a bayana. Ta ce, "Malam, wannan ai kalar atamfar da na sa ranar sunan Auta ce." Sai ta koma ɗaki ta ɗauko kaskon turaren wuta, na karɓa na ajiye shi a ƙasa gefen hanyar hasken bayan na kashe, na dawo na kunna. Hayaƙin ya tashi yana murɗawa, zaren haske ya bayyana a cikinsa siriri, miƙaƙƙe kamar an ja igiyar magina, yana ɓacewa inda hayaƙi ya yanke yana sake fitowa. Ga hazo ma ya sauko a daren, ƙura na ƙyalli a cikinsa ɗaya-ɗaya. Mun fi minti goma a tsaye ba wanda ya ce uffan.

Na lura zaren da ke cikin hayaƙi ya fi ɗigon bango karkata zuwa kore. Ƙananan ƙwayoyin hayaƙi sun fi watsa gajeren zango, don haka kore ya fi fitowa ta gefe. Ɗigon kansa ba cikakke ba ne: tsakiya rawaya, sama da ƙasa da jan baki, saboda hasken dayod mai siffar ƙwai ne, na koren kuma zagayayye ne siriri.

Sama kam ban ɗaga shi ba, ba kuma zan ɗaga ba. Jirage na sauka a filin jirgin Durum, kuma hasken nan ba ya tsayawa inda idona ya daina ganinsa.

Lahadi, 26 ga Janairu

Yau na yi gwajin da na fi ɗoki. Ina son rawaya na gaske in ajiye kusa da nawa. Yana cikin kicin: na jiƙa bakin waya na dangwali gishiri na sa a harshen wutar gas, shuɗiyar wuta ta koma rawaya mai haske. Sodiyam ke nan, nanomita 589, launin tsofaffin fitilun kan titi. Na gwada kanwa ita ma ta ba da launin, don akwai sodiyam a cikinta. Na kawo ƙaramin risho na gas tsakar gida, na murɗa bolum har ɗigona ya zo daidai da launin wutar. Na gishirin ya fi karkata wajen zinariya fiye da wanda na zaɓa ranar 12, sai da na ƙara ja.

Sannan na ɗauki faifan CD na kalli hoton kowannensu a cikinsa. Layukan faifan, da tazararsu ba ta wuce maikuromita 1.6 ba, suna karkatar da kowane zango ta kusurwarsa. Wutar gishiri ta fito rawaya ɗaya tilo. Ɗigona kuwa ya rabe biyu, ja a gefe kore a gefe, tsakaninsu duhu, daidai wurin da rawaya ya kamata ya zauna. Na ɗauke faifan, ga rawaya a bango. Na mayar, ga ja da kore. Na san haka zai faru tun kafin in sayi noti ɗaya, na sha koya wa ɗalibai a allo, amma sai da tsigar jikina ta tashi.

Ƙanina da ke karatu a Gwallameji yana nan, na ce ya gwada. Ya riƙe bolum ya duba wutar gishiri ya duba bango.

"Yaya, naka ai bai kai ba, kore ya yi yawa."

Ya yi ta murɗawa har mita ta kusa 125, ɗigon ya zama ruwan goro sosai a idona, ya ce to yanzu sun zama ɗaya. Na mayar da shi baya ba tare da ya ga mita ba, ya sake kai shi kusan wuri guda, har sau uku. Uwargida kuwa inda na tsaya ta tsaya. Wannan abu an san shi tun 1881, lokacin da Lord Rayleigh a Ingila ya sa mutane su haɗa ja da kore su kamo rawaya, ya tarar wasu, har da 'yan uwan matarsa, suna tsayawa a wani wuri daban. A kan haka Nagel ya ƙera na'urarsa a Jamus a 1907, wadda likitocin ido ke gwada ganin launi da ita har yau. Ban ce wa yaron yana da wata matsala ba, tebur a zaure ba asibiti ba ne. Na dai ce in ya samu sarari mu je a duba shi, tunda wayoyin lantarki masu launi yake karanta aikinsu. Ya yi shiru, can ya ce shi dama ya daɗe yana mamakin yadda muke gane nunanniyar tumatir tun daga nesa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na kai wa Baba. Muka ja labulen bayan shago, na sa masa tabarau har na gama saiti. Ya ga ɗigon, ya karɓi faifan CD ya duba da kansa, ya sa aka kira masa mai fentin da ke layinsu. Ya ba ni mataccen majigi na biyu.

Na rage jan bakin ta hanyar sa 'yar huda mai milimita 2 a gaban jan, ta yanke gefunan ƙwan. Na yi asarar ɗan ƙarfi, na rama da bolum.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya kai 15, zafi ya sauko Bauchi da ƙarfinsa, na'urar kuma ta fara gardama. Da asuba bayan sahur launin na nan daram. Da la'asar, in ɗakin zaure ya ɗauki zafin kwano, minti biyu da kunnawa sai koren ya fara rawa, ya dushe, ɗigon ya zame zuwa ruwan goro, can ya dawo. Ba bolum ba ne, mita na nuna wutar jan ba ta motsa ba. Dayod mai 808 ne: zangonsa na gusawa kusan nanomita 0.3 a kowane digiri na zafi, lu'ulu'un kuma ƙunƙuntar ƙofa gare shi, in zangon ya kauce sai ya daina sha sosai. A watan Janairu ban ga haka ba don sanyin dare na rufa mini asiri.

Na ɗaura wa koren alminiyom mai haƙora da na cire daga tsohuwar kwamfuta, da 'yar fankarta. Ya kai minti 9 yau kafin ya fara rawa. Sai dai girgizar fankar na sassauta notin madubi, na tarar ɗigon ya rabu da kusan santimita 1 a mita 12, sai da na sake saitin nesa. Zan raba fankar da farantin, in zaunar da ita a kan soso.

Akwai dayod kore na kai tsaye mai 520, ba lu'ulu'u a cikinsa, ba infared, zafi bai cika damunsa ba, kuma ana iya murɗa ƙarfinsa kamar jan. Siffar haskensa ma ƙwai ce irin ta jan, wataƙila su fi dacewa da juna. Zai buƙaci bolt fiye da na jan, ke nan batir biyu ba za su isa ba, sai uku da wani LM317 ɗin. Rawayan da zai bayar zai ɗan fi wannan fari kaɗan, don 520 ya fi nisa da ja. Na ware kuɗinsa, sai bayan Sallah zan aika. Ƙanina ya ce ranar Litinin ba shi da lacca da safe, za mu je a duba idon.